Kalmar da Na Jefa wa Inna Sa'ida

'Ya'yana, kun sha tambayata abin da ya raba gidanmu da gidan Kawunku Yahaya, har ta kai ku da 'ya'yansa sai gaisuwar sallah ta waya. Na san abin da kuka ji a bakin mutane. Wasu sun ce muku rigimar gado ce, wasu sun ce matarsa ce ba ta ƙaunarmu. Babu ɗaya daga ciki. Ni ce na raba mu, da bakina, a wata la'asar a unguwar Kurayyat, nan Jidda. Yanzu da ƙafa ta ƙi, ido ya fara rauni, gara ku ji daga wurina.

Sai na fara da Inna Sa'ida, don manyanku ne kawai suka riske ta. Ba ita ta haife ni ba. Matar Baffa Isa ce, ƙanen babana, kuma uwar Yahaya. Mahaifiyata ta rasu ina shekara shida, muna zaune a unguwar Ammariyya, a wani gida mai ɗaki uku da muka raba da su. Ranar da aka kai uwata maƙabarta Inna ta ɗauki tabarmata ta shimfiɗa kusa da tata, kuma a nan na ci gaba da kwana har aka yi mini aure. 'Yar siririyar mace ce, fara, gajera, mai ƙananan hannuwa masu zafin aiki. Baffa ya auro ta ne a Yaman, lokacin da jirgin ruwan da ya kwaso su daga Sudan za su aikin hajji ya sauke su can, ya yi shekaru yana dako kafin ya ƙaraso Jidda. Kowa a unguwa Inna Yamaniya yake ce mata. Hausarta ta iya sarai, sai dai harshen bai taɓa miƙewa ba, har ta mutu Alima take ce mini maimakon Halima idan ta so tsokanata.

Akwai halinta guda da ban gane ba sai da na girma. Idan ta san wani gida ba a ɗora tukunya ba, ba ta aika musu abinci a ce ga sadaka. Sai ta jira azahar, rana ta kori kowa daga lungu, ta rufe tire da mayafi ta kai da kanta. Idan matar gidan ta buɗe ƙofa sai ta ce:

"Don Allah ɗanɗana mini wannan, bakina ya mutu, na kasa gane ko gishiri ya ji."

Abincin ɗanɗanon kuwa zai ƙosar da mutum shida. Washegari ta koma karɓar tire, ta tsaya ta saurari shawara a kan gishiri da gaske, har ta yi godiya.

Cikina na fari bai zo da rai ba. Na haifi ɗa namiji cikakke, bai yi kuka ba. Mata suka cika ɗakin, kowace da nata: ki yi haƙuri, ke yarinya ce, wani zai zo. Inna ba ta ce komai ba. Ta sauka daga kan kujera ta zauna a ƙasa kusa da katifata, kwana bakwai, tana ba ni ruwa, tana gyara mini lulluɓi. A rana ta bakwai da hantsi, ɗakin ya rage mu biyu, na tambaye ta me ya sa ita kaɗai ba ta ba ni haƙuri ba.

"A gidan ubana haka ake yi," in ji ta. "Ba a yi wa mai baƙin ciki magana sai shi ya fara. Zama kawai ake yi da shi."

Ban taɓa jin ta ambaci ubanta ba. Na ce wane irin gida ne wannan. Ta daɗe tana kallon ƙofa, sannan ta faɗa mini. Ubanta maƙerin azurfa ne a wani ƙauye cikin duwatsun Yaman, kuma Bayahude ne, shi da uwarta da duk danginsu. Ciwo ya ɗauke iyayen a shekara guda tana da shekara tara. A zamanin, marayan Yahudawa hukuma ke ɗauka ta ba gidan Musulmi. Haka aka yi mata. Aka ba ta kalmar shahada, ta girma tana aiki a gidan da aka kai ta, har Baffa ya gan ta.

"Da farko tsoro ne ya sa na yi salla," in ji ta. "Daga baya na yi don ina so. Baffanki ya sani, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Yahaya bai sani ba. Na faɗa miki ne don ki san ana rasa kowa a rayu. Ki riƙe mini, ya binti, 'yata."

Na riƙe mata sirrin shekara goma sha tara.

Bayan rasuwar Baffa da babana muka koma Kurayyat, gidajenmu lungu ɗaya ya raba su. A nan ni da Inna muka kama sana'ar girkin biki. Ita ke da hannu, ni ke da baki. Ni ke karɓar aiki, ni ke tara mata, ni ke faɗa idan an yi sanyin jiki. Sunanmu ya fita har Larabawa na aiko mana. Ni kuma kaina ya kumbura. Ina alfahari da cewa a girkin Halima ko ƙashi ba ya ɓata, kuma nakan faɗi haka a gaban kowa.

Cikin matan da ke taya mu akwai Rakiya, 'yar Damagaram. Ta zo umara da mijinta suka zauna, mijin ya rasu ya bar ta da yara biyu, ba iƙama, wato takardar zama, ba kafilin da zai tsaya mata, ba dangi. Tana haya a wani ɗaki a unguwar Mahjar. Mace ce mai kunya, ba ta ɗaga kai idan tana magana. Ƙaramar 'yarta, Nana, tana fama da sikila, wata ba ya wucewa ba ta kwanta ba. Na san duk wannan a lokacin. Ina so ku lura da haka, kada ku ce ban sani ba.

Ranar da abin ya faru muna girkin wani babban biki a tsakar gidana. Raguna huɗu aka kawo, manyan tukwane suna kan gas, mata kamar goma sha biyar, wasu na tsintar shinkafa, wasu na yanka albasa. Mako biyu kafin nan wata uwar amarya ta yi mini ƙorafi cewa nama ya yi kaɗan, maganar tana cina. Bayan la'asar na juya ɗaukar ludayi sai na hango Rakiya a bayan tankin ruwa tana tura leda cikin abayarta. Tsakanina da ita taku biyar ne. Da na je na kama hannunta na ja ta ɗaki, da ba wanda ya sani. Na tuna sarai tunanin ya zo mini. Na ture shi, don ina so matan su ga ba a yi mini haka.

"Rakiya," na ce da ƙarfi, "fito nan tsakiya. Me ke cikin abayarki?"

Wuƙaƙe suka tsaya. Ta fito tana jan ƙafa. Na sa hannu da kaina na zaro ledar, na zazzage ta a tire. Tsoka ce ta kafaɗa, ba ta kai tafin hannu biyu ba, da ɗan guntun hanta.

"Ku gani," na ce. "Mu muna ƙona hannu, ɓarayi na kwashewa."

Rakiya ta tsaya tana kallon tiren. Sai Inna ta ajiye muciya ta taso daga gindin tukunya, ta zo ta tsaya tsakaninmu.

"Ni na ba ta," in ji ta. "Daga rabona ne. Na ce ta kai wa Nana. Halas, shi ke nan, ku koma aiki."

Kowa a gidan ya san ba haka ba ne, Inna ba ta motsa daga tukunya ba tun azahar. Amma na ga matan sun fara sunkuyar da kai suna ɗaukar wuƙaƙensu, sun karɓi maganarta, sun bar ni tsaye kamar ni ce mai laifi. Na ce Inna ki daina, na gan ta da idona. Ta riƙe mini hannu ta ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji:

"Ya isa, Halima. Dubi fuskarta."

Ban duba ba. Na fizge hannuna, na faɗi abin da na faɗa, da muryar da har maƙwabta suka ji:

"Ƙarya kike yi. Da ma me za a jira daga Bayahudiya? Ai jinin ubanki ne yake motsi."

Na sha ganin mutum ya ji kunya, amma ban taɓa ganin abin da na gani a fuskar Inna ba. Zafin tukunya ya sa kumatunta sun yi ja. Ina kallo jan ya sauka, fuskar ta koma fara fat har leɓɓa. Ba ta musa ba. Da ta yi dariya ta ce Halima ta haukace, da an ɗauka zagi ne irin na fushi. Shirunta ya tabbatar wa kowa. Ta je famfo ta wanke hannu har gwiwa, ta sa abayarta, ta fita. Da na waiwaya, Rakiya ma ba ta nan. Naman yana tire.

Kafin mako ya zagayo babu gidan da maganar ba ta shiga ba. Matan da Inna ta karɓi haihuwarsu suka fara gaishe ta daga nesa. Wata maƙwabciya ta mayar mata da tire ba a taɓa ba. A wata ta'aziyya aka tashi salla, aka bar gurbin mutum guda a kowane gefenta. Ba kowa ya yi haka ba, akwai waɗanda suka tsaya mata, amma ita waɗancan ta gani. Daga nan ta daina fita. Yahaya, yana da shekara arba'in da 'ya'ya huɗu, a shagon aski ya ji asalin uwarsa. Wurina ya fara zuwa. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya.

"Yaya Halima, gaskiya ne?"

Na ce gaskiya ne.

"Ke ta faɗa wa, ni ba ta faɗa mini ba," in ji shi. "Ta ga kin fi ni riƙon amana."

Ya juya ya tafi. Daga baya na ji ya je ya sumbaci kan uwarsa, ya ce ko daga ina ta fito ita ce uwarsa. Yahaya ya fi ni, tun muna yara.

Wata huɗu na yi ban taka gidanta ba. Ina gaya wa kaina ai ban yi ƙarya ba, ai ita ta fara kunyata ni. Babanku, Allah ya ji ƙansa, ba mai yawan magana ba ne, amma kullum ya dawo daga aiki sai ya ce, kin je? Ayyukan biki suka ragu, don shinkafata ba ta kai tata ba. Ba wannan ya kai ni ba. Wata safiya ce ina taje wa 'yar'uwarku Maryam kai, na ji bakina yana yi mata 'yar waƙar da Inna ke yi mini idan tana taje nawa, waƙar da ban taɓa sanin ma'anar kalmominta ba. Na ajiye matajin, na sa abaya, na fita.

Na same ta zaune a kan sallaya da carbi. Ta rame ƙwarai. Na durƙusa na kama ƙafarta ina kuka, ina cewa ta yafe mini. Ta bar ni har na gaji, sannan ta ce in tashi in zauna kamar mutum.

"Abubuwa kaɗan na riƙe daga ubana," in ji ta. "Harshensu na manta, addu'o'insu na manta. Amma yakan zaunar da mu ya faɗa mana abin da malamansu suka koyar. Ya ce a shari'arsu wanda ya kunyata mutum a gaban jama'a kamar ya zubar da jininsa ne. Ya ce ku duba fuskar wanda aka kunyata, jini ke barin ta, fari ya maye. Ya ce kowane mutum Allah ya yi shi da daraja, mabaraci ne ko ɓarawo, kuma saboda darajar nan har wasu dokokin malamai akan sassauta don kada a tozarta shi. Shi ya sa na ce ni na ba ta. Na san ba gaskiya ba ce, na nemi gafarar Allah a kai. Amma da za a maimaita ranar, haka zan sake faɗa."

Na ce Inna, ni fa ke na zo ba haƙuri.

"Na ji. Su ma can, wanda ya shigo addininsu haramun ne a tuna masa inda ya fito. Ni shekara sittin ina fuskantar alƙibla, 'yar da na goya ta tuna mini. Ya yi ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma na yafe, tun ranar. Ke 'yata ce. Kin je wurin Rakiya?"

Wallahi, 'ya'yana, a wata huɗun nan ko sau ɗaya Rakiya ba ta faɗo mini a rai ba. Duk nadamata a kan Inna take. Na ce ban je ba.

"To nawa na yafe, nata ba ni da iko da shi. Ubana ya ce suna da ranar azumi guda mai girma da ake shafe zunubi, amma abin da ke tsakanin mutum da mutum ba ta shafe shi sai ka je da ƙafarka ka roƙi mai haƙƙin. Malamanmu ma haka suke faɗa, kin sani. Yalla, tashi ki je yanzu, rana ba ta yi ba."

Na tari mota zuwa Mahjar. Ɗakin Rakiya wasu 'yan Chadi ne a ciki. Wata tsohuwa maƙwabciyarta ta ba ni labari a tsaye, ba ta ko ba ni wurin zama ba, don ta san ko ni wace ce. Bayan ranar nan babu mai girkin da ta sake kiran Rakiya, an ce ɓarauniya ce. Da yunwa ta matsa sai ta fara kasa gyaɗa da turare a bakin titi, abin da ta daɗe tana gudu saboda ba ta da takarda. Mako na uku 'yan jawazat, jami'an shige da fice, suka kwashe masu talla, har da ita. Aka mayar da ita Nijar. Yaran suna gida ranar, tsohuwar ce ta riƙe su. Kafin a gama shirin tura su, ciwon Nana ya tashi. Ta rasu a nan Jidda, tana da shekara bakwai, tana kiran uwarta. Babban ɗan ne kaɗai ya isa Damagaram.

Ban ce ni na kashe Nana ba, kwananta ne ya ƙare. Amma ta mutu uwarta ba ta kusa, wannan da hannuna a ciki. Da na koma na faɗa wa Inna, ta sauko daga kan gado ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Ba ta ce mini komai ba, kuma wannan karon na san ba don ni take zaman ba.

Inna ba ta ƙara shekara ba. Na yi jinyarta wata uku, Yahaya na shiga ina fita, ba ma haɗa ido. Ta bar wasiyya ni zan yi mata wanka. A wurin wankan wata mata ta matso kusa da kunnena ta ce, anya an tabbatar a kan me ta cika? Na buɗe baki zan yi mata irin abin da na saba, sai na rufe. Na kira ta gefe na ce da ita, ni na ji shahadarta da kunnena, ki zo ki riƙe mini mayafin kada jikinta ya buɗe. Ta riƙe. An yi wa Inna salla bayan azahar, maza sun cika sahu. Ranar uku Yahaya ya aiko matarsa ta yi mini godiyar wanka. Tun daga nan bai sake shiga gidana ba, ni kuma ban ga laifinsa ba. Na roƙe shi ya ce ya yafe, amma idan ya gan ni fuskar uwarsa yake gani. Kada ku riƙe shi da komai.

Na bar girkin biki. Duk lokacin aikin hajji da umara nakan je masaukan 'yan Nijar ina tambayar wanda ya san Rakiya 'yar Damagaram, wadda ta zauna a Mahjar. Rakiyoyi da yawa aka nuna mini, ba ita ba. Fiye da shekara ashirin ina haka. Sai bara wata mata da ta zo umara ta ce ta san ta, tana sayar da waina a unguwarsu, ta ba Maryam lambar ɗanta. Kwana biyu lambar tana hannuna. A na uku da hantsi na ce Maryam ta kira ta miƙo mini, ta fita ta ja ƙofa.

Ɗan ne ya ɗauka, ya kai mata. Muryar ta tsufa, amma na gane ta.

"Wa ke magana?"

Na ce Halima ce, ta Kurayyat, mai girkin biki. Ina jin awaki da hayaniyar yara a bayanta.

"Ina jin ki, Hajiya."

Na faɗi duk abin da na tara. Na ce na zalunce ta, na san halin da take ciki na tozarta ta, na ce na ji labarin Nana. Na ce ta yafe mini don Allah. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya.

"Na ji," in ji ta. "Inna Yamaniya tana nan lahiya?"

Na ce ta rasu tun shekarar da ta biyo baya.

"Allah ya ji ƙanta. Kullum tana cikin addu'ata. Hajiya, ke da kike can, kin san inda aka sa ɗiyata?"

Na ce na san maƙabartar, amma kin san nan ba a sa alama, kuma mata ba ma shiga.

"To," in ji ta. "In kin wuce ta wajen, ki yi mata sallama. Ki ce uwatta ba guduwa ta yi ta bar ta ba."

Na ce zan yi. Na jira ko za ta ƙara wani abu. Sai ta ce wainarta na kan wuta, ta miƙa wa ɗanta wayar.

Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma sake tambaya ba a ranar. Washegari ɗan'uwanku Faisal ya kai ni a mota. Na sa ya tsaya a jikin katangar maƙabartar, na sauka da sandata, na dafa bangon, na isar da saƙon kamar yadda ta faɗa.